Daɓen Da Ya Ci Ƙafar Bulus

Zuwa ga Alhaji, mai garejin manyan motoci da muke aiki a cikinsa, nan Kontagora.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ne Haruna, bakaniken da ke gyaran sifirin da birki a garejinka. Na yi ta zarya gidanka, kullum sai a ce ka yi tafiya ko kana hutawa. Shi ya sa na fito da maganar fili, ba don in ci mutuncinka ba. Na ji za a zuba daɓen ɗaya ɓangaren garejin kafin kaka ta kankama, kuma maginin da ya yi na farko shi zai yi wannan. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba.

Na farko, yadda aka yi daɓen bara. A gaban idonmu aka yi shi. Maginin gwani ne a daɓen ɗaki, ba na musun wannan, shi ya yi na gidanka. To irin kwaɓin ɗakin kwana ya kawo mana gareji. Yashi mai laushi aka kwaso daga kwari, duk laka, tsakuwa kuwa sai ka tona kafin ka ga ƙwaya. Aka tsula ruwa don ya yi saurin bajewa, aka zuba shi a kan cikon da ba a danne ba, ba rodi, kaurinsa bai kai tafin hannu ba. Daga nan ya barbaɗa busasshen siminti a sama, ya goge da cokalin gini har yana sheƙi. Ka zo ka gani, ka yaba. Ba wanda ya ba daɓen ruwa bayan an zuba, kuma tun bai yi ƙwari ba aka fara shigo da motoci, wai kada kasuwar kaka ta wuce mu.

Na biyu, kuma wannan ya fi ci mini rai. Lokacin da muke aiki a kan ƙasa zalla, ba bakaniken da ke kafa jak sai ya shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, ya kuma tokare motar da gungume, domin ba mu yarda da ƙasa ba. Da sabon daɓe ya zo, manajanka ya ce waɗannan katakan ƙazanta ne, suna ɓata wuri, yanzu ai kankare gare mu. Ya sa aka kwashe su aka ba mai ƙosan bakin titi ta yi makamashi. Ƙasa ba ta taɓa yaudarar mu ba, Alhaji, don mun san halinta. Daɓenka ne ya sa muka saki jiki.

Na uku, Bulus. Mutumin wajen Rijau ne, tare muka koyi aiki, tare muke cin abinci a kwano ɗaya. In lokacin salla ya yi shi yake tsare mini kayan aiki. Ranar nan wata motar ɗaukar kaya, kanta, ta shigo daga Kasuwan Garba shaƙe da masara, sifirinta ya karye. Direban ya ce ba zai sauke kaya ba, yana sauri, hanya ba ta da kyau in yamma ta yi. Bulus ya ɗaga motar, ya cire tayoyin baya, ya shiga ƙarƙashi. Ina tsaye kusa da shi riƙe da sifana. Jak bai zame ba, bai karye ba. Daɓen ne ya burme a ƙarƙashinsa, motar ta zauna a kan ƙafarsa ta hagu. Kafin mu sauke buhunan mu ciro shi, abin da zai lalace ya lalace. A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Washegari na koma na sa hannu a ramin. Abin da na ɗebo ya marmashe a tafina kamar ƙuli-ƙuli. Sheƙin saman bai fi kaurin farce ba, ƙasansa yashi ne kawai.

Ka aiko da gaisuwa da buhun shinkafa, mun gode. Ɗan aikenka ya ce wa matar Bulus ƙaddara ce. Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara. Amma ba ƙaddara ce ta hana sayen tsakuwa ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, maginin nan ya dawo ya toshe ramin da ɗan kwaɓi, ya sake barbaɗa siminti, ya goge. Yanzu baƙo ba zai gane wurin ba. Kullum mutane na kwanciya a kansa ƙarƙashin motoci.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. A dakatar da aikin ɗaya ɓangaren. A nemo wanda ya taɓa yin daɓen da manyan motoci ke hawa, ya danne ƙasa, ya sa yashi mai tsabta da tsakuwa isasshiya da rodi, ya yi shi da kauri. A fasa tsohon a sake. A dawo mana da katako da gungume tun yau. Kuma a bar sabon kankaren ya sha ruwa safe da yamma har ya yi ƙwari, ko da kaka za ta wuce.

Kada a ce ba mai ba shi ruwan. Jiya na je duba Bulus, na same shi a ƙofar gida da sandunansa, na ba shi labarin sabon daɓen da za a zuba. Sai ya ce, "Haruna, gaya wa Alhaji ya ba ni aikin zuba ruwan. Wannan kam mai ƙafa ɗaya zai iya, kuma ni ba zan yi ha'inci ba."

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi na halal, ya kare maka 'ya'yanka. Allah kada ya sa ka taɓa jin irin ƙarar da na ji ranar nan.

Wassalam.

Haruna Bakanike,
Kontagora.