Wa 'Yardada Ke Kira da Tsakar Rana?

Anti Sa'adiyya, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara tun kafin a yi abin da ba zai gyaru ba. Abin kunya ne mace ta ce tana tsoron abin da ta haifa, amma ni dai abin ya kai ni nan, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Ina aure a wani lungu a Kabara, a tsohon gidan su maigidana. Gidan ƙasa ne mai soro biyu, wanda aka ce da can ya fi kasuwa cika. Yanzu kowa ya tashi ya koma bayan gari, ɗakuna a rufe, sai ƙadangaru. Asalinsu Barebari ne, amma tun kakannin kakanni suke Kano, maigidana ko gaisuwa bai iya da Barbarci ba. Kakarsa kaɗai ta rage da yaren, don ita daga Borno aka auro ta. Dada muke ce mata. Shi yana zaman shagon wani a kasuwar Kurmi, daga fitar safe sai bayan isha. Ni kuma ɗinkin hula nake yi, da shi muke cika cefane.

Yarinya ɗaya gare mu, shekararta uku da rabi. Ba zan rubuta sunanta ba, kin san 'yar fari ce, ga shi kuma sunan Dada ta ci. Mutane 'Yardada suke ce mata. Mu a gidanmu haka aka tarbiyyantar da mu, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa, ba a zama ana zuba surutu da shi kamar marar kunya. Mahaifiyata har ta koma ga Allah "ke" take ce wa yayarmu, kuma ga yayar tamu nan da ranta, bakinta ya fi na kowa a dangi.

Tun da aka yaye yarinyar Dada ta ɗauke ta. Ƙafafun tsohuwa sun riga sun gaza, kullum tana zaune a tabarma a bakin ƙofar ɗakinta da kaskon turarenta, yarinyar a jikinta, tana ta yi mata hira da yarensu tun safe har la'asar. Ni kam na huta, na samu sararin hulata. A watan azumin da ya wuce Dada ta rasu. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Da aka fita da gawa sai ta je ta tsaya a bakin ɗakin, haka ta wuni a tsaye.

Sai bayan rasuwar na lura ba ta da Hausa ko kalma ɗaya. Yaran da ta girme su ana aikensu sayen gishiri, ita ko "Umma" ba ta cewa. In tana son abu sai ta ja zanina, ko ta tsaya ta zuba min ido.

Bayan an yi arba'in ne abin ya fara. Da tsakar rana ce, lokacin da lungu yake yin tsit, maza sun fita, yara suna makaranta, kaji ma sun shige inuwa. Ina zaune a gindin katanga kusa da rijiya, hula a gwiwata, sai na ji tari. Tarin Dada ne, Anti, na san shi kamar yunwar cikina, gajeru a jere sannan dogo mai kakari. Allura ta shige min yatsa. Na ɗaga kai, sai ga yarinyar ta jawo tabarmar marigayiya ta shimfiɗa a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafa ɗaya ta lanƙwasa ɗaya, tana murza gwiwa kamar mai ciwon sanyi. Sannan ta buga tabarmar da tafin hannu, ta ce da wata murya can ƙasa, ta tsofaffi, "Are, namne."

Wallahi ba kowa a gidan, Anti. Ba kowa, ni kaɗai ce. Wajen da nake take kallo, na waiga bayana, ba komai sai bakin rijiya.

Tun daga ranar kusan kullum sai ta yi, kuma da tsakar rana. Na daure na tambayi Hajiya Fatima, wata dattijuwar Babarbariya a lungunmu. Ta ce ma'anarsa "zo, zauna", kuma haka Dada take ce wa duk wanda ya yi sallama. Ta ce Allah ya jiƙan Dada. Ni kuwa na dawo gida ina ta tambayar kaina. Wa take cewa ya zo? In ya zo ya zauna, ni ina zan sa kaina?

Akwai wani kuma da ya fi tayar min da hankali, don shi da Hausa take faɗa. Sai ta je kwanar da randunanmu suke, wajen duhu ne ko da rana, ta tsaya ta karkata kai tana cewa "in ji, in ji, in ji", tun tana yi a hankali har ta ɓarke da kuka. Me take son ta ji? Wa ke yi mata raɗa a wurin? Ni dai sai in sure ta in kai ta ɗaki, in rufe ƙofa, in ƙure rediyo. Haka za ta yi ta kuka har barci ya ɗauke ta, leɓɓanta a bushe. Wani lokaci kuma ƙamshin turaren Dada nake ji yana fitowa daga ɗakinta, alhali kaskon ya daɗe a kife.

Magana ta bazu a lungu. In ta leƙa soro sai iyaye su kira 'ya'yansu. Malamar Islamiyya ta ce a bari sai bakinta ya buɗe kafin a sa ta, makarantar nazare kuwa ba mu da halinta. Ban sani ba ko yana da alaƙa, amma ta taɓa ciwon kunne yana zubar da ruwa har ya gaji ya daina, kuma wani lokaci in na ce "ke" daga bayanta ba ta waiwayowa.

Yayar maigidana, Yaya Talatu, ta ce ko dai mutanen ɓoye na rijiyar nan ne suka ari muryar tsohuwa, ko kuma harshen yarinyar a ɗaure yake, don haka za a haɗa biyun. Da zarar sabon wata ya kama za ta kai ta wurin wanzami ya yanka mata ƙarƙashin harshe, daga nan a wuce wurin wani mai magani da ke rufe yara a ɗaki da hayaƙi. Maigidana ya ce abin da Yaya ta ce shi ke nan. Ni zuciyata ba ta kwanta da aska ba, amma ba zan iya ci gaba da zama haka ba. Ina son yarinyar nan, Anti, Allah ya sani. Amma yanzu da na ga ta jawo tabarma sai in juya baya in fuskanci katanga har ta gaji. In bari a tafi da ita, ko yaya zan yi?

Mai ɗinkin hula, Kabara.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Dada, ya sa ta huta. Na ji tsoronki kuma ban ga laifinki ba, ni ma da na zo kan tarin nan sai da na waiga. Amma ki share hawayenki ki saurare ni.

Na karanta wa wani abokin aikinmu, Malam Abdulbaƙi, mutumin Borno, kalmomin da kika rubuto. Ya tabbatar da abin da Hajiya Fatima ta gaya miki. Da na zo kan "in ji" sai ya tsayar da ni, ya tambayi inda yarinyar take tsayawa, na ce gaban randa. Ya ce ai ba Hausa ba ce. A yarensu "nji" ruwa ne. 'Yarki ƙishirwa take ji, ruwa take roƙo da sunan da aka koya mata. Ban faɗa don ki zargi kanki ba, rashin sani ya fi dare duhu, kuma kunnen Bahaushe "in ji" zai ji.

To kin ga ke nan yarinyar nan ba kurma ba ce ta haihuwa, kuma harshenta ba a ɗaure yake ba. Tana da magana, sai dai mutum ɗaya ya koya mata, kuma ya tafi. Yaro ba kalma kaɗai yake ɗauka ba, har murya da zama da tari yake kwashewa. Wanda ya tashi a gaban tsohuwa, maganar tsohuwa zai yi. Ga kuma kewa, don ita ma rashi aka yi mata, ba ta da bakin faɗa. Turaren kuwa, bangon ƙasa da ya sha hayaƙi shekara da shekaru yakan mayar da ƙamshi in rana ta yi zafi. In akwai wani abu bayan wannan, Allah ne masani, kuma addu'ar tsari da kike yi ta ishe ku.

Ba zan kushe karar da ake yi wa ɗan fari ba, tarbiyya ce, ni ma an yi min. Amma ki tuna gidan da mahaifiyarki ta yi wa yayarku kara cike yake da kakanni da gwaggwanni da yara, in uwa ta yi shiru bakuna goma suna magana. Ke a gidanku Dada ce kaɗai take riƙe da wannan nauyin. Ta rasu, kara ba ta rasu ba, sai gida ya zama ba mai ce wa yarinya uffan. Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki ke nan, ba rijiya ba. Ki yi kararki a gaban surukai in kin so. In daga ke sai ita, kunyar wa za ki ji?

Aska da hayaƙi kam, a'a. Kada garin neman gira a rasa ido. Yaya Talatu ƙauna ce ta sa ta, kada ki yi mata gatsali. Ki roƙi Hajiya Fatima ta zo ranar da maigidanki da Yayar suke nan, ta yi wa yarinyar magana da Barbarci a gabansu, ido ya ga abin da za ta yi. Sannan ki nemi a fara kai ta asibitin gwamnati, sashen kunne, kafin watan ya kama. Ciwon kunnen nan da rashin waiwayowa ba abin wasa ba ne, yaron da jinsa ya ragu maganarsa takan yi jinkiri, kuma sau da yawa ana samun magani in an je da wuri. Ki tambaye su ko akwai mai duba maganar yara.

Sauran aikin a tsakar gidanki yake, kuma ba ya cin ko sisi. In ta ce nji, ki ɗebo da moɗa, ki durƙusa ta ga bakinki, ki ce ga ruwa, ruwa mai sanyi. Kada ki hana ta kalmar Dada, yare biyu ba ya rikita yaro, gado ne ta bar mata. Kina ɗinki ki riƙa faɗa mata abin da hannunki yake yi, ga zare, ga ja, ga kore, miƙo min hula. In kin faɗa ki ɗan yi shiru ki jira ta, ko da ido ta amsa ki karɓa kamar ta yi magana. Ban da "ce kaza, ce kaza", yana ƙara rufe bakin yaro. Ki yi mata waƙar gaɗa da tatsuniya, ki rage rediyo, don shi ba ya jiran amsar kowa. Babanta ma ko da safe ne ya gaisa da ita kamar babba. Ki samu maƙwabciya ɗaya mai hankali ki gaya mata gaskiyar lamarin, ta riƙa turo 'ya'yanta wasa. Ki kuma koma wa malamar Islamiyya, ki ce mata ai cikin yara baki yake buɗewa. Ba a kwana ɗaya za ki ga canji ba, sai kin yi haƙuri.

Yanzu ga tambayarki ta wa take kira. Ke da kanki kika ba ni amsa. Kin rubuta cewa wajen da kike take kallo, kuma ba kowa a gidan, ke kaɗai ce. 'Yar'uwa, ke ba kowa ba ce? Yarinyar nan hanya ɗaya ta sani ta kiran wanda ake so ya matso kusa, ita take yi miki kullum, ke kuma kina waiga rijiya.

Gobe da tsakar rana, in ta jawo tabarma ta buga, ki soke allura a jikin hula, ki tashi ki je ki zauna. In sunan yanka ya yi miki nauyi, ai don haka aka yi laƙabi. Ki dube ta ki ce, 'Yardada, ga ni na zo.

Allah ya buɗe bakinta da alheri, ya sanyaya zuciyarki, ya cika gidanku da surutunta har ki ce ta yi miki shiru.

Taki, Anti Sa'adiyya.