Zobba Biyar a Faranti

Laraba da dare, Aliero

Yau na koma ɗakin gwaje-gwaje, karon farko tun rasuwar Baba.

Wata takwas ina fama da ƙwayoyin bakteriyar da muka sauya wa halitta don su jera kansu zobe-zobe a farantin gilashi. Sun ƙi. Kullum sai na buɗe murfi na gyara wani abu. Da na kai wa Baba kuka a gonarsa ta Fagada, dariya ya yi, hannunsa duk laka.

"Ke kin cika leƙe! In na dasa albasa, ba ni tono ta in ga ko ta yi kai. Bar su su huta."

Na ji haushi. Har na ce masa wannan ba noma ba ne.

Kwana bakwai ina zaman makoki, ba wanda ya taɓa farantin. Na ɗauko shi in zubar, sai ga zobba biyar, ɗaya cikin ɗaya, kamar an raba albasa biyu.

Malamina ya ce in rubuta abin da na canza. Ina riƙe da biro har aka kira la'asar.

Me zan rubuta, Baba? Sai da ka tafi na ji maganarka.