Lambata Ya Rubuta

Laraba, bayan Isha'i.

Da na sani da ban kalli fim ɗin nan da rana ba. An harbe wani ɗan sanda a babban birni, sai ga abokan aikinsa biyu a ƙofar gidansu, suka cire hula, suka zaunar da uwar kafin su faɗa mata. Na kasa ƙarasa ɗinkin da ke hannuna. Na kira ƙanena Auwalu, shi ma ɗan sanda ne, wata uku ke nan da tura shi Legas, na ce haka ake yi?

Dariya ya yi. "Yaya, wa zai baro Legas ya zo Wudil don ya cire hula? Mu aikinmu tsayuwa a titi da rubuta rahoto. In abu ya faru, waya kawai za a buga. Lambarki na rubuta musu, kin san Inna da hawan jini."

Ko a jikinsa.

Ashe ni ce zan zaunar da Inna.

Ɗazu baƙuwar lamba ta kira ni sau biyu, ban ɗauka ba. Shi kuma wayarsa a kashe. Ina jiyo Inna a ɗaki tana yi masa addu'a. Ya Allah, Ka sa mai kawo ɗinki ce.