Yaya Bulus, Ka Fasa Rumbun

Zuwa ga yayana Bulus, a Legas,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida ɗiyarka Rifkatu da maigidanta da yara. Mu a nan Malumfashi lafiya lau, har an fara yankan dawa.

Bayan gaisuwa, Yaya, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Duk kiran da na yi maka sai ka ce layi ba kyau, ba ka ji. Ni da kai mun san kunnenka garau yake. Shi ya sa na rubuto a fili, inda dangi da tsofaffin abokanka za su karanta, ko kunyarsu ta yi abin da tawa ta kasa.

Rifkatu ta gaya mini komai. Ta ce ka yanke jiki ka faɗi a ƙofar coci, likita ya ce hawan jini ne ya kusa kai ka lahira. Da ta zo share ɗakinka sai ta tarar da gwangwani a ƙarƙashin gado, cike da ƙwayoyin da take ba ka kowace safiya. Ashe raba ƙwaya gida biyu kake, wani lokaci ma ka tsallake, wai kana ajiyewa don ranar da ciwon zai yi tsanani. Da na ji haka ban yi kuka ba. Tsaki na ja, don na taɓa ganin wannan halin naka da idona.

Ka tuna hutun da muke yi a Funtua, gidan Kawu Yohanna, shekarun tamanin? Wani Bature da suke aiki tare a masaƙa ya bar masa akwatin wasa da zai koma ƙasarsu. A jona shi da talabijin, a riƙe 'yar sanda mai maɓalli ɗaya, sai ga wani ɗan mutum a tsakiyar jeji yana neman hanyar gida. A saman allo akwai layi da ke nuna ƙarfinsa, yana raguwa a hankali. Yakan tsinci abinci da kwalbar magani ya zuba a buhu. Rai ɗaya gare shi tak. In ya mutu, shi ke nan, duk abin da ka tara ya tafi, ka koma farkon jejin hannu wofi.

Kai ne gwaninmu wajen tsinto kaya, wannan ba gardama. Ba lungun da ba ka leƙawa. Amma kai ne kuma mutum ɗaya a duk gidan da ɗan mutuminsa ke mutuwa da yunwa alhali buhunsa na cike. Layi ya yi ƙasa, muna ta ihu ka ci, ka ci, kai kuwa ka haɗe gira ka ce, “Ba yanzu ba, gaba ta fi wuya.” Sai ɗan mutum ya kife a ƙasa, ba maciji, ba kura, ba komai. Kawu har hularsa ya taɓa jifanka da ita.

To tunda ka manta, bari ƙanwarka ta sake koya maka yadda ake rayuwa a jejin nan.

Ana ci ne tun layi bai kai ƙasa ba. Wanda ya jira sai ya ga ƙarshe, abu kaɗan ke ƙarasa shi, ko ƙaya ce. Kwalbar magani kuma shanye ta ake duka. Ba a taɓa ba wa kowa lada don ya mutu da ita a rufe ba.

Kuma buhu in ya cika, nauyi yake yi. Ka tuna kogin nan da ake tsallakewa a kan duwatsu? Ni da ɗan buhuna shafal nake wucewa. Kai kuwa ɗan mutuminka na jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodin auduga, har ruwa ya tafi da shi. Sai ka ce sandar ce ta lalace. Haba Yaya! Sandar da na gama wasa da ita yanzu-yanzu?

Sai abin da ya fi ƙona mini rai. In hannun mutum ya gaji, miƙa wa na kusa da shi yake ya riƙe masa. Kowa na yi, ban da kai. Gumi na zuba, amma ka gwammace a koma farko da a ce wani ya taimake ka. Yau ga Rifkatu tana miƙo hannu, kai kana ɓoye mata gwangwani kamar ɓarawo a gidan ɗiyarka.

Na san inda ka samo wannan hali, ba daga Bature ba ne. Daga garinmu Ƙarfi ne, daga Baba. Duk kaka sai ya ware rumbu ɗaya, na bayan ɗakin Inna, ya cika shi da dawa, ya kwaɓa laka ya liƙe bakinsa. Kai ke miƙa masa lakar. Yana shafewa yana cewa, “Wannan ba namu ba ne, na wata rana ne.” Ko biki ake a gidan ba a kallon rumbun nan. Ka haddace wannan tsaf, ka tafi da shi duk inda ka je.

Amma rabin karatun ka samu, Yaya. Shekarar da ruwa ya ɗauke dawa na tsaka da fitar da kai, kana makarantar kwana, ba ka gida. Ni ina nan. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, Inna na goyon ƙaninmu Istifanus, nono ya ƙafe. Wata safiya ta miƙe za ta ɗauki tulu, jiri ya zaunar da ita. Baba ya tashi tsam. Ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan ɗaki, ya sari lakar nan da hannunsa, dawa ta zubo. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce ya bari mana a ga abin da gaba za ta yi. Baba ko ɗagowa bai yi ba ya ce, “Ai don yau na liƙe shi.”

Kai liƙewar ka gani. Ni na ga fasawar. Da Baba ya yi irin taka, da ba mu da Istifanus, wataƙila da Inna ma.

Akwatin Kawu ya ƙone wata rana da aka kawo wuta da ƙarfi, kuma a cikinmu ba wanda ya taɓa kai ɗan mutumin nan gida. Lokacin mukan yi dariya in ya mutu, don danna maɓalli kawai za a yi ya sake miƙewa. Na kwana biyu ina tuna wannan dariyar, kuma yanzu ba ta ba ni dariya. Kai ba ka da maɓalli, Yaya. Baba ya tafi, Inna ta tafi, Kawu ya tafi. Kai kaɗai ka rage a duniya da zan kira Yaya, kuma ban shirya dainawa ba.

Ranar da kake ajiye wa ta riga ta zo. Ita ce ta kayar da kai a ƙofar coci. Ka ciro gwangwanin nan ka damƙa wa Rifkatu, ka riƙa shan maganinka cikakke yadda likita ya ce, kowace safiya, a gaban idonta.

Ubangiji ya taɓa jikinka ya warkar da kai, ya sassauta wannan taurin kan naka ko da kaɗan ne. Ya dawo mana da kai Ƙarfi da ƙafafunka a Kirsimeti, mu ci tuwon sabuwar dawa tare. Amin.

In na sake kira, ka ɗauka. Na san layin lafiyarsa lau.

Taka ƙanwa, mai fushi da kai har sai ka sha,
Saratu