Rasuwar Malam Sodangi Usaini Tozai a Kan Titin Kasuwa

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Haɗin Kan 'Yan Kabu-kabu ta Isa da Sabon Birni tana sanar da jama'a rasuwar dattijonta, Shugaban Kwamitin Kula da Hanya, Malam Sodangi Usaini Tozai, wanda Allah Ya karɓi ransa jiya da hantsi a kan titin kasuwa cikin garin Isa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wata motar kaya ce ta lalace a gefen titin, direban ya tokare tayoyinta da manyan duwatsu, ya baza rassan dogon yaro don gargaɗi, kamar yadda aka saba. Da aka gyara motar sai ya tafi, ya bar duwatsun a ƙarƙashin ganye. Marigayin ya kauce wa wata mota, ya bi ta kan ganyen da babur ɗinsa, ya ci karo da duwatsun ya faɗi, Allah bai yi zai tashi ba.

Shekara ashirin da biyu Malam Sodangi yana wannan sana'a, tun daga hanyoyin dajin Bafarawa har cikin gari. Ba ya wuce dutse ko tsohuwar taya a kan titi bai tsaya ya kauda ba, ko da fasinja na yi masa mita, har muna tsokanarsa da sunan Leburan Hanya. Shi ne ya bi masu gini gida-gida yana roƙon su daina zuba yashi a bakin kwalta, an sha yi masa gatsali bai fasa ba.

Ƙungiya ta samu labarin cewa wasu membobinta suna tare motocin kaya a bakin gari suna neman direban, har ana maganar fetur da ashana. Muna faɗa da babbar murya: a janye yau ɗin nan. Direban ya kai kansa wurin hukuma, kuma mai ɗakin marigayin, Malama Ikilima, ta roƙa kada a zubar da jinin kowa da sunan mijinta. Duk wanda ya taɓa mota ko mutum, ba ya cikinmu.

Muna miƙa ta'aziyya ga Malama Ikilima, da 'ya'yansa shida, da al'ummar Tozai baki ɗaya. Allah Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Kafin kowa ya ɗaga hannu a kan direba, ya sani cewa duwatsun nan sun yi awa uku a wurin, kuma membobinmu da dama sun gan su, suka kewaye suka wuce. Mai sa hannu a wannan takarda yana cikinsu. Sau biyu na bi ta wurin.

Abdulrasheed Isah Tsamaye
Sakataren Yaɗa Labarai