Gidan Zanzaro a Bayan Injin Sanyi

Litinin, 13 ga Afrilu, 1959
Baturen rijiyoyi da nake wa kanikanci ya tafi hutu ƙasarsu. Ya bar mini makullin gidansa na barikin Isa, da injin wuta, da injin sanyaya ɗakin nan da ya jawo daga Ikko. Injin ya koyi sabuwar ɗabi'a: ya yi aiki minti goma, ya ɗauki zafi, ya mutu. Baturen ya ce in na gyara in sha sanyina har ya dawo. Kyautar mataccen doki.

Matata Zulaihatu yau kwana goma sha tara da haihuwa. Tana wanka gidan uwarta Hajo. Ƙafafunta sun kumbura.

Alhamis, 16 ga Afrilu
Na cire rariyar gaban injin sanyin na wanke. Datti kamar na tsohuwar tabarma. Na ce to, ga ciwon. Minti goma sha biyu ya mutu.

A baya, tsakanin fanka da siraran ƙarafan da ke fitar da zafi, zanzaro ya yi gini, ɗaki bisa ɗaki. Na daɗe da ganinsa. Tun tana da ciki na ba Zulaihatu labari don ta yi dariya, sai ta kama hannuna ta ce, "Kak ka hwasa shi, Labbo, sai na yi arba'in. Gidanmu ba a rushe ma mai gini ɗaki in akwai mai ciki ko mai jego." Na yi mata alkawari ina dariya. Laka ce kawai, ba ita ba ce matsalar.

Lahadi, 19 ga Afrilu
Na je gaida su da hantsi. Ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin takalmi, amma Hajo ta hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa, ga tafasasshen ruwan wanka, ga kunun kanwa. Zulaihatu ba ta iya kwanciya, sai a zaune take numfashi. Ɗiyar kam lafiya lau, sai tsotso.

Ban iya yi wa suruka magana ba. Na sunkuyar da kai na fito ina zaginta a zuci.

Talata, 21 ga Afrilu
Na kai Malamin disfensa ya duba ta. A zaure ya gaya mini zuciyarta ce ta gaji, zafi da kanwa na ƙara mata kaya. A daina wuta, a sama mata wuri mai sanyi. Ya ce ba za ta kai Sakkwato bisa wannan hanya ba.

Hajo ta ji daga bayan zana. Ta ce, "Ɗiya tara na haihwa bisa gadon nan. Sanyi shi ka kashe mai jego, ba wuta ba."

Laraba, 22 ga Afrilu
Na canza fis. Na ɗaure wayoyi. Na wanke fulogin injin wuta ko ƙarfinsa ne ya ragu. Injin sanyin dai ya mutu.

Asabar, 25 ga Afrilu
Hajo ta aiko kirana. Ta rame, ban taɓa lura ba. Ta ce, "Na kashe wutar. In ƙarhen naka ya tashi, zo ka ɗauke ta, ni ma za ni bi ku." Ba ta dube ni ba. Na san abin da faɗin haka ya ci mata.

Zulaihatu ta tambaye ni, da hutawa tsakanin kalma da kalma, ko mai gininmu na nan. Na ce yana nan. Ta yi murmushi.

Na koma na zuba wa bayan injin ruwa daga buta. Ya kai minti ashirin. Na tsaya ina kallon lakar nan da sukudireba a hannu, sannan na koma kan wayoyin da na riga na duba sau uku. In na fasa ginin, wani abu ya same ta fa? Ni da nake wa tsofaffi dariya.

Litinin, 27 ga Afrilu
Babu ko alamar hadari. Na jiƙa zannuwa na rataya mata a ƙofa, kafin in juya sun bushe. Ina jin tsoro, kuma ba wanda zan gaya wa.

Talata, 28 ga Afrilu
Bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Saura kwana shida ta yi arba'in.

Asabar, 2 ga Mayu
Na fasa gidan zanzaron. Bugu uku da gindin sukudireba, na share da tsintsiya, na hure. Tun walaha injin ke aiki, yanzu la'asar ta wuce, bai tsaya ba. Har na ji sanyi a haƙora.

Malami ya ce ko an kawo ta ba lalle ta tashi ba, kwana ne ya ƙare. Ƙila. Amma na san lakar ce tun ranar Alhamis ɗin da na wanke rariya, ba yau na gane ba.

Na kashe injin na kulle ɗakin.

Talata, 5 ga Mayu
Kwana bakwai. An yi addu'a, mutane sun watse. Na zo da maganar da na daɗe ina shirya wa Hajo kan wutarta, har na haddace ta. Na tarar da ita zaune bakin gadon ƙasan da ya huce, ɗiyar a cinyarta. Ita ta fara. Ta ce, "Ni na kashe ta, ko, Labbo?"

Na ce a'a, Inna. Ban gaya mata zancen zanzaro ba. Wata rana.

Ta ce itacen dafa ruwan wankan jinjira ya ƙare. Gobe kasuwa ce ko ba kasuwa ba, za ni kawo mata ɗauri biyu.