Tsagar da Ke Kumatun Hikma

Salamu alaikum Hajiya Barakatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗau zafi.

Ni tela ce a Aboabo, ɗinkin mata nake yi. Ina da 'ya, bari in kira ta Hikma, shekarunta goma sha shida. Tana da tsaga ɗaya a kumatun hagu, irin tawa sak. Mahaifiyata ce ta sa aka yi mata a Bawku tana jaririya, lokacin da ciwo ya kusa ɗauke ta, aka sa magani a wurin. Da can ko a jikinta.

Bara kasuwa ta yi sanyi, sai na ce ta riƙa sa kayan da na ɗinka tana ɗaukar bidiyo ta ɗora a TikTok. Doguwa ce, kaya na zama mata. Wayar tana da wani abu da ke goge fuska ya ƙara haske, tsagar ta ɓace ɗungum. Ranar da ta fara nuna mini, ni da bakina na ce wannan ya fi kyau, shi za ta sa. Har nawa hoton na ba ta ta gyara mini. Aiki kuwa ya zo, har daga Alabar ake kawo mini yayin biki, wato ankon da ake sawa iri ɗaya.

To watan jiya wata mata ta zo karɓar ɗinki, ta dubi Hikma ta tambaye ta ina yayarta, kyakkyawar nan ta cikin waya. Wallahi ba da mugunta ta faɗa ba. Tun ranar Hikma ta daina zama a shago. In za ta fita sai ta ja mayafi ta rufe kumatu, ko a motar haya ta trotro kujerar taga ta hagu take nema. Shekaranjiya ina neman almakashi na ci karo da wani mai a jakarta, kwalbar ko suna babu, wai yana cinye tabo. Wurin tsagar har ya yi ja yana saɓa. Na yi kuka, na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ga auren ɗan yayata Kamaldeen saura mako biyu, na gama ɗinka mata yayinta, ta ce ba za ta ba, kada masu bin ta a waya su gan ta.

Na yanke shawarar ƙwace wayar in tura ta Bawku wurin kakarta har hankalinta ya dawo. Babanta ya ce in bi a hankali. Ni dai ba zan zuba ido fuskar 'yata ta ƙone ba. Me kika gani?

Uwa mai keken ɗinki, Aboabo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin yi daidai da kika tashi tsaye. A daina shafa man nan yau, ki ɗauki kwalbar da yarinyar ku je likita ya duba wurin.

Amma Bawku kam a'a. Can ma akwai waya, akwai madubi, kuma za ta ɗauka ɓoye ta kike yi saboda fuskarta. Ki dubi nata ɓangaren: mutane da yawa sun yabi fuskar da ba tata ba, kuma farkon mai yabon uwarta ce. Ba laifi nake ɗora miki ba, halal kika fita nema. Sai dai ke tela ce, kin san in ɗinki ya karkace farkewa ake yi a sake, ba a yar da yadin.

Ki zaunar da ita ki ce mata kin yi kuskure ranar nan, ba kwana-kwana. Ki kira kakarta ta ba ta labarin ciwon da tsagar. Ki hutar da ita daga tallar kaya, ki rataye su ki ɗauka. Wayar ku yi mata lokaci, kada ki ƙwace. Bikin kuma kada ki ja ta dole, ki goge yayin ki ajiye inda za ta riƙa ganinsa.

Kafin duk wannan, ki cire gyararren hotonki, ki sa na gaske da tsagarki a fili. Hikma ba za ta yarda tata ba abin kunya ba ce muddin uwarta na ɓoye tata.

Allah ya warkar da kumatun, ya nuna miki ita cikin yayinta ranar auren Kamaldeen.

Hajiya Barakatu